Poka gwaninta ce ko sa'a? Ƙanena ya ce ba caca ba ce

Baban_Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san abin, don ni kaina ya ɗaure. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, yana shekara ta biyu a jami'ar Ngaundere, can Dang. Tun da ya zo hutu Garwa na lura ba ya barci. Ƙarfe biyun dare in na fito, sai in hango hasken waya a fuskarsa, yana zaune kan tabarma a zaure, ga littafi da biro a gefensa. Na ɗauka karatu yake. Da na matsa masa sai ya faɗa mini gaskiya: karta yake bugawa a intanet, wadda ake kira poka, kuma da kuɗi. Na ce masa caca ke nan. Ya ce, "A'a Yaya, caca ita ce ta dawaki da ta ƙwallo, inda mutum zai zuba kuɗi ya naɗe hannu yana jira. Wannan lissafi ne da karantar mutane, wanda ya iya shi ke ci." Ya buɗe mini littafin, shafi bayan shafi duk lambobi. Da sefa dubu 40 ya fara, cikin wata uku ta zama dubu 115. Yanzu so yake in ranta masa dubu 200 daga jarin shagona ya hau teburin manya. Yaron nan ba maƙaryaci ba ne, kuma tun yana firamare lissafi bai taɓa ba shi wuya ba. Shi ya sa nake tambaya. Wannan wasa gwaninta ce ko sa'a?

Mai_Albasa_Marwa: Wa alaikumus salam. Caca ce, Malam. Kada ka ba shi ko sisi.

Kilando_Domayo: Duk ɗan caca haka yake cewa, tasa daban ce. Kawuna shekara da shekaru yana sayen takardar dawakin Faransa, ya san sunan kowane doki da mahayinsa da nauyin da ya ɗauka, yana cewa ilimi ne. Har ya rasu bai sayi ko keke da ita ba.

Malam_Lissafi_Njamena: Baban Hanifa, Allah ya shirya mana zuri'a. Ni lissafi nake koyarwa, kuma ba na buga wannan wasa, amma na san yadda yake. Gaskiya ita ce ƙanenka bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba.

Wadda aka fi bugawa ita ce Texas Hold'em. Kati 52 ne. Ana ba kowa biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya na kowa da kowa: uku a tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Tsakanin kowace buɗewa mutum yana da zaɓi, ya ƙara kuɗi, ko ya biya abin da aka zuba, ko ya ajiye katinsa ya haƙura. A wannan zaɓin gwanintar take. Ga misali. Kana da kati huɗu masu alama iri ɗaya, kana jiran na biyar, saura buɗewa ɗaya. Katin da ba ka gani ba 46 ne, tara daga ciki ne za su cika maka. Wato kusan sau ɗaya cikin biyar za ka samu. In kuɗin tsakiya dubu 10 ne, aka ce ka biya dubu 2, to biya: sau huɗu ka rasa dubu 8, sau ɗaya ka ɗauki dubu 10, ka fita da riba. Amma in aka ce ka biya dubu 5 a kan wannan dubu 10 ɗin, sau huɗu ka rasa dubu 20, ka ci dubu 10 kawai. Wanda ya san wannan zai ajiye, wanda bai sani ba zai biya don zuciyarsa ta ce masa yau ranarsa ce. In suka daɗe suna bugawa, kuɗin na biyun zai koma aljihun na farkon, babu makawa.

Ga ragowar maganar. Katin da ya fi kowanne a farkon wasa shi ne as biyu, wato kati biyu masu harafin A, kuma sau ɗaya cikin 221 yake zuwa wa mutum. Duk da haka, in ka kara da mutum ɗaya mai riƙe da kowane irin kati, kusan kashi 85 cikin ɗari ne naka. Kashi 15 nasa ne. In aka ce ka ci sau biyar a jere da wannan katin mafi ƙarfi, damarka ba ta kai rabi ba, wajen kashi 44 ce. To ka ga dare ɗaya, ko mako ɗaya, ko ma wata uku, ba ya nuna wanda ya iya. Littafin ƙanenka zai iya zama shaidar gwaninta, zai kuma iya zama shaidar cewa kati ya yi masa kyau. Shi kansa ba zai iya bambancewa ba tukuna.

Baban_Hanifa: Na gode Malam. To sai yaushe ake bambancewa?

Malam_Lissafi_Njamena: Sai an buga hannu dubbai masu yawa, wato an raba kati an buga an gama sau dubbai. Kuma ka lura, waɗanda ya ci a ƙaramin teburi ba su ne zai tarar a babba ba.

Sarkin_Kati237: Alhamdu lillahi da aka samu mai ilimi ya yi magana, ba masu yanke hukunci da ka ba. Ni ina bugawa, ba na ɓoyewa. Ga tambaya ɗaya ga masu cewa sa'a ce zalla: za ka iya faɗuwa da gangan a cacar dawaki? Ba za ka iya ba, kana iya zaɓar dokin da ya fi kowanne lalacewa ya zo na ɗaya. Amma a poka in na ga dama cikin minti goma zan ƙarar da kuɗina da gangan. Abin da ake iya lalatawa da gangan, ana iya gyara shi da gangan. Sannan ku duba tarihi. Gasar duniya ta Las Vegas tun 1970 ake yin ta. Doyle Brunson ya ci 1976 da 1977. Johnny Chan ya ci 1987 da 1988, a 1989 ya zo na biyu, Phil Hellmuth ne ya kayar da shi, shi kuma Hellmuth yanzu kambunsa 17 a gasannin wurin. Sa'a ce take bin mutum ɗaya gida sau 17?

Bappa_Yelwa: Ɗana, tun da ka kawo tarihi, ka kawo shi duka. A shekarun da Chan ya ci, masu shiga babbar gasar ba su kai 200 ba. A 2003 mutum 839 suka shiga, wa ya ci? Wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, wanda bai taɓa zama a babbar gasa irin wannan ba, ya samu kujerarsa ta intanet da kuɗin da bai kai dalar Amurka 100 ba, ya tafi gida da dala miliyan 2.5. Duk gwanayen da ka lissafa ina suke ranar? A 2023 mutum 10,043 suka shiga, kowa ya biya dala dubu 10, wajen sefa miliyan shida ke nan. Kashi 15 cikin ɗari ne kawai ake ba wani abu. Sauran sun koma hannu rabbana, har da gwanaye.

Sarkin_Kati237: Bappa, ranka ya daɗe, ai Moneymaker ɗin ma burga ya yi wa Sam Farha, abokin karawarsa na ƙarshe a gasar, da katin da ba komai a cikinsa, har Farha ya ajiye wanda ya fi nasa. Wannan ba sa'a ba ce, ƙarfin zuciya ne.

Bappa_Yelwa: Da Farha ya biya fa? Da yanzu ba wanda ya san sunansa, kuma da kai ma ka ce wauta ya yi.

Ummu_Sadik: Ni ban san kati ba, ban san su wane ba. Abin da na sani shi ne babur ɗin maigidana. Da shi muke ci, da shi ake biyan makarantar yara. Ya fara da dubu ɗaya, dubu biyu, yana nuna mini waya yana cewa kin gani, na iya. Watan da ya ci har atamfa ya sayo mini. Daga baya ya daina nuna mini wayar. Wata rana da asuba na fito shara na ga wurin da yake jingine babur ɗin babu komai sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Ya ce yana wurin gyara. Kwana tara yana wurin gyara. Ranar da ya faɗa mini gaskiya kuka yake kamar yaro. Yanzu na wani yake tuƙawa, yana kai balas kowane dare. Baban Hanifa, don girman Allah kada ka tsaya tambayar gwaninta ce ko sa'a. Ka duba idon ƙanenka da safe.

Hajiya_Tongo: Allah ya mayar miki da alheri 'yar'uwa. Allah ya shirye shi, ya ba ki ladan haƙuri.

Mai_Albasa_Marwa: Amin. Kun ji dai.

Ɗan_Ngeli: To amma Mai Albasa, bari in tambaye ka tsakani da Allah, ba don neman faɗa ba. Kai lokacin kaka kana sayen albasa da arha ka zuba a rumbu, kana jiran damina ta yi tsada ka loda zuwa Duwala. Wata shekara ka ci riba ninki, wata shekara ta ruɓe ko mota ta kwana uku a hanya, ka tafka asara. Ba ka san gobe ba, ka zuba kuɗi, ka dogara da sanin kasuwa da kuma sa'a. Mene ne bambancinka da yaron nan?

Mai_Albasa_Marwa: Bambanci kamar sama da ƙasa. Ni in na sayi buhu, manomi ya karɓi kuɗinsa ya yi murna. Mai ɗinkin buhu ya samu, 'yan dako sun samu, direba ya samu, matar da ta saya a Duwala ta yi miya iyalinta sun ci. Ko na yi asara, albasar ta shiga tukunyar wani. A teburin kati me aka noma? Me aka ɗauka daga wani gari zuwa wani? Mutum shida sun zauna da kuɗi, sun tashi da kuɗin nan dai, sai dai ya bar aljihun biyar ya koma na ɗaya. Kafin ɗaya ya yi dariya sai biyar sun yi baƙin ciki.

Malam_Lissafi_Njamena: Gyara kaɗan, Alhaji. Ba su tashi da kuɗin nan duka ba, kuma wannan ne abin da yara ba sa lissafawa. Mai teburin, ko gidan caca ne ko manhaja, yana cire la'adarsa daga kuɗin tsakiya. Mu ƙaddara mutum shida, kowa da dubu 10, jimla dubu 60. A ce kowane hannu ana tara dubu 2, mai gida ya cire kashi biyar cikin ɗari, sefa 100 ke nan. In ana buga hannu 30 a awa, dubu 3 ta tafi. Awa biyar, dubu 15. Rubu'in duk kuɗin da aka zo da shi ya shige aljihun wanda bai taɓa kati ba. Don haka bai isa ka fi abokan wasanka iyawa ba, sai ka fi su da ratar da za ta biya la'ada har ta bar maka saura. Shi ya sa mai matsakaicin iyawa ma a ƙarshe faɗuwa yake.

Tela_Mai_Ritaya: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni na yi karta ta kuɗi shekara goma sha ɗaya a Kuseri, kafin a san wata waya. Ba poka ba ce, amma uwarsu ɗaya. Bayan tasha muke zama, a kan tabarma, da fitilar kwai. Kuma zan faɗa muku, na iya. Ina riƙe duk katin da ya fita a kaina. Ina sanin mai kati mai kyau daga yadda yake haɗiye yawu, wani kuma in ya samu sai ya fara gyara hularsa. Mai cewa babu gwaninta a karta bai zauna ba.

Amma ku tambaye ni wa nake ci. Ba gwanaye 'yan'uwana ba, mu mun san juna, ba ma son haɗuwa. Baƙo muke jira. Wani dare wani bawan Allah ya zo daga ƙauye, ya sayar da awakinsa biyu zai sayi ragon suna, matarsa ta haihu kwana huɗu. Aka ja shi ya zauna. Muka bar shi ya ci sau biyu. Kafin kiran assalatu babu ko kuɗin mota a jikinsa. Har yau ina ganin hannunsa, yana juya aljihun rigarsa waje, yana karkaɗewa, kamar kuɗin zai faɗo. Bai zage mu ba, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Yanzu me zan ce mata?" Na ba shi kuɗin mota daga cikin kuɗinsa, har yana yi mini godiya.

Wannan ita ce gwanintar. Sanin wanda ya fi ka rauni, da zama kusa da shi. Sannan duk iyawata, akwai watan da kati ya juya mini baya, na bi kuɗina ina son in dawo da su, har keken ɗinkina ya tafi. Na san lissafin sarai a daren, amma zuciya ta riga ta hau. Shekara ashirin ke nan da na tuba, kuma mutumin awakin nan ban san inda zan same shi in biya shi ba.

Kilando_Domayo: Allahu akbar. Baba, Allah ya karɓi tuba.

Sarkin_Kati237: Baba Tela, na girmama maganarka, amma abin da kuka yi haɗin baki ne, cuta ce. A intanet ba wanda yake jan kowa. Kowa da kansa ya shigo, ya san dokar wasa.

Tela_Mai_Ritaya: Ɗana, shi ma da ƙafarsa ya zo. Kuma kai da kake ganin sunaye kawai a waya, ta ina ka san uku daga cikin mutanen teburinka ba a ɗaki ɗaya suke zaune suna nuna wa juna kati ba?

Injiniya_Baladji: Wannan tambayar ta Baba tana da nauyi, kuma akwai wadda ta fi ta. Ta ina ka san mutum ne ma? A watan Janairun 2017 masana a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka haɗa wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus da ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh. Kwana 20 ana bugawa, hannu dubu 120, kwamfutar ta lallasa su duka. A 2019 wata mai suna Pluribus, wadda aka yi tare da masu binciken Facebook, ta ci ƙwararru a teburin mutum shida. Wannan ya nuna abu biyu. Na farko, Sarkin Kati yana da gaskiya, akwai gwaninta, don ba wanda zai iya ƙera kwamfutar da za ta riƙa cin kuri'a ko jifan ludo kullum. Ku lura kuma sai da aka buga hannu dubu 120 kafin masanan su yarda cewa ba sa'a ba ce, wannan ya koma ga maganar Malam Lissafi. Na biyu, gwanintar da ɗalibi zai koya da littafi da biro a zaure, na'ura ta wuce ta tun tuni. Shafukan wasan sun hana amfani da irin waɗannan manhajoji, amma hani daban, kamawa daban.

Zara_Mardjandafak: Ni abin da ya ba ni mamaki, har kotu ta shiga maganar nan. A 2012 wani alƙalin tarayya a New York, Jack Weinstein, ya yanke cewa gwaninta ta rinjayi sa'a a poka. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce ko da gwaninta ko babu, dokar hana gudanar da gidan caca ta hau kan mutumin. Su ma can da suka ƙirƙiro abin ba su rabu da gardamar ba.

Bappa_Yelwa: In gwaninta yaro yake so, ga dara nan. Rami talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, komai a fili, ba abin da aka rufe, ba abin da aka jefa. In na ci ka, na fi ka ne, ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi. A gindin dalbejiyar unguwarmu akwai dattijon da na shekara ina zama da shi ban ci shi ko sau ɗaya ba. A kati kuwa wanda ya koya jiya zai iya tashin wanda ya shekara talatin. Wannan kaɗai ya isa amsa.

Ɗan_Ngeli: Bappa, dara kam sai ku. Yaran yanzu ko haƙa ramin ba su iya ba, sai ludo a waya. Mu nan ma kartar belot ta kusa mutuwa, da kuwa bayan la'asar kowace rumfa za ka ga mutum huɗu da shayi.

Kilando_Domayo: Belot ba ta mutu ba, zo Domayo da yamma ka gani. Kuma ba kuɗi, wanda aka ci shi ke sayen sukari.

Hajiya_Tongo: Kun bar bawan Allah da tambayarsa kun koma shayi. Ina malamai ne? A gaya mana hukunci.

Alaramma_Gidar: Bismillah. Na ga ana ta auna gwaninta da sa'a kamar in gwaninta ta yi nauyi abin ya halatta. A shari'a ba a nan ma'aunin yake ba. Allah ya ambaci maisir, wato caca, a Baƙara aya ta 219, ya ce akwai zunubi babba a cikinta da wasu amfanoni ga mutane, amma zunubin ya fi amfanin girma. Ku lura, Alƙur'ani bai musa cewa ana samun amfani ba. Sannan a Ma'ida aya ta 90 da 91 aka haɗa ta da giya, aka ce a nisance ta, aka faɗi dalili: tana jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, tana kange su daga ambaton Allah da salla. Cacar Larabawan jahiliyya da kibau goma ake yin ta a kan raƙumin da aka yanka, bakwai masu rabo, uku babu, kuma sau da yawa naman talakawa ake bai wa. Duk da haka aka hana.

Abin da malamai suke dubawa shi ne: kowa ya zuba kuɗinsa, kuma kowa yana tsakanin ya ci na wani ko a ci nasa. In haka ne, caca ce, ko wasan na gwaninta ne tsantsa. Darar da Bappa yake yabo, in aka ɗora mata kuɗi daga ɓangarorin biyu, ta shiga ciki. Har hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Faɗar kawai ke nan. Baban Hanifa, in ka ba shi kuɗin nan kana sane, ka taimaka a kan abin da aka hana. Amma kada ka kore shi, kada ka kunyata shi gaban iyali. Yaro mai kai irin wannan jan sa ake yi a jiki.

Sarkin_Kati237: Allah gafarta Malam, ban yi jayayya da aya ba. Amma tambayar da aka yi ita ce gwaninta ko sa'a, kuma a wannan har Malam Lissafi da Injiniya da Baba Tela sun yarda akwai gwaninta. In ba kuɗi fa, a buga da 'ya'yan ashana?

Alaramma_Gidar: Wannan wata mas'ala ce, malamai sun yi saɓani a kanta, wasu sun ƙi, wasu sun sassauta in bai hana salla ba. Amma ka gaya mini gaskiya, ɗana, in da ashana ake yi, za ka kai ƙarfe biyun dare?

Sarkin_Kati237: Ba zan kai ba. In ba kuɗi kowa biya yake yi, burga ba ta aiki, wasan ya lalace.

Malam_Lissafi_Njamena: Wannan amsar gaskiya ce, kuma ta taɓa asalin tambayar. Gwanintar poka ba ta tsayuwa sai da tsoron asara. Kati shi ne sa'ar, kuɗi shi ne abin da ake gwanintar da shi. Ba a raba su.

Bappa_Yelwa: Tun da an ambaci gwanaye, akwai wanda ba a ambata ba. Stu Ungar. Da yawa daga masu wasan suna cewa ba a taɓa yin mai kaifin kai irinsa ba. Ya ci babbar gasar sau uku, 1980 da 1981 da 1997, ta ƙarshen dala miliyan ɗaya. A 1998 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45, dukiyar ta ƙare a ƙwaya da cacar wasanni da dawaki. Wanda ya fi kowa iyawa ke nan.

Injiniya_Baladji: Gaskiya ne Bappa, sai dai don adalci, ba a teburin poka ya fi rasa kuɗin ba. Akwai kuma waɗanda suka tsufa da rufin asirinsu a wasan, Brunson ya kai shekara 89.

Tela_Mai_Ritaya: Injiniya, hannun da ya saba zubawa ba ya tambayar sunan teburi.

Ummu_Sadik: Ni dai har yanzu ban ji wanda ya ce ga abin da za a yi da yaron ba.

Zara_Mardjandafak: Tun da kansa yana ja a lissafi, a nema masa inda zai sa shi. Baban Hanifa, ba ka da littafin shago? Ba shi ya riƙe maka lissafin kaya da bashi a hutun nan, ka yanka masa wani abu. Ko ya koyar da 'yan jarrabawa da yamma, iyaye suna biya.

Ɗan_Ngeli: Wanda ya ga dubu 75 ta shigo yana kwance a tabarma, zai yarda da dubu 15 ta koyarwa? Abin da wuya, Zara.

Baban_Hanifa: Jama'a na gode, Allah ya saka wa kowa. Jiya bayan isha'i na zauna da shi, na miƙa masa wayata ya karanta duk abin da kuka rubuta. Ya daɗe a kan na Baba Tela. Da ya zo kan lissafin la'ada sai ya ɗauko littafinsa ya yi ta dube-dube, ya ce shi bai taɓa rubuta abin da ake cirewa ba. Na tambaye shi hannu nawa ya buga a wata ukun, ya ce zai kai dubu shida. Na ce masa dubu 200 dai ba zan bayar ba, kuɗin kayan mutane ne, kuma ko nawa ne ba zan bayar ba bayan abin da Alaramma ya faɗa. Bai yi musu ba. Amma bai ce ya daina ba, kuma har yanzu yana kan cewa ya fi waɗanda yake bugawa da su iyawa. Na roƙe shi ya ciro dubu 115 ɗin, ya ce zai ciro dubu 75 ya bar uwar kuɗin. Jibi zai koma Dang.

Alaramma, in ya ciro, me za a yi da ribar? Ya ce zai saya wa Inna buhun shinkafa, ni kuma gabana bai kwanta ba.

Alaramma_Gidar: Kada ta shiga tukunyar Inna. Uwar kuɗinsa tasa ce. Abin da ya hau kai, tun da bai san masu shi ba balle ya mayar musu, a bai wa mabuƙata ko a sa a wani aikin amfanin jama'a, da niyyar rabuwa da shi. Ka turo mini shi kafin ya tafi in ya yarda, mu yi magana ni da shi.

Malam_Lissafi_Njamena: Hannu dubu shida kaɗan ne ƙwarai, ka gaya masa in ji ni. Mai faɗuwa ma yana iya yin dubu shida yana kan riba.

Sarkin_Kati237: Kaɗan ne, na yarda. Amma mai iyawa ma da dubu shidan farko yake farawa. Malam, in ya kai dubu ɗari yana kan riba, za ka yarda ya iya?

Malam_Lissafi_Njamena: Zan yarda ya fi waɗanda ya zauna da su. Ka tambayi Baba Tela su wane ne.